Ƙananan Hukumomi da Nauyin Tunkarar Sauyin Yanayi: Lacca a kan Tsari da Alhaki

Sauyin yanayi, wato canjin da ake samu na dogon lokaci a tsarin zafi da ruwan sama da iska sakamakon tarin hayaƙin da ƙona man fetur da gawayin kwal da iskar gas ke turawa sama, matsala ce da asalinta ya fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma a Nijeriya, domin nahiyar Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. Amma ɓarnar da yake jawowa a unguwa take sauka, a gona da kasuwa da makarantar firamare, kuma waɗannan wurare ne da doka ta riga ta ɗora wa ƙaramar hukuma kulawa da su. Masana sun tabbatar cewa duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos, tururin ruwan da take iya ɗauka na ƙaruwa da kimanin kashi 7 cikin 100, abin da ke sa ruwa mai yawa ya riƙa zuba cikin ɗan lokaci. Ba shugaban ƙaramar hukuma ne ke saukar da wannan ruwa ba, sai dai shi ne zai amsa tambaya idan ruwan ya sauka ya tarar da kwalbati a toshe da leda, ko ya tarar an yanka filaye an gina gidaje a kan hanyarsa.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai ambaci sauyin yanayi a cikin ayyukan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar ba, amma duk wanda ya karanta Jadawali na Huɗu da natsuwa zai ga cewa akasarin aikin kariya yana cikinsa. Jadawalin ya ɗora musu gina hanyoyi da magudanan ruwa da gyara su, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da wuraren shaƙatawa da filayen da aka bari a buɗe, ya kuma sa su cikin masu bunƙasa noma da albarkatun ƙasa in ban da haƙar ma'adinai. Sashe na 7 ya wajabta wa majalisar ƙaramar hukuma shiga cikin tsara tattalin arzikin yankinta, ita kuwa Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba ta ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, na noma ne ko na kiwo. Ke nan hukumar da ke da hurumin cewa ga burtali, ga makiyaya, ga wurin da bai kamata a kafa gida ba, tana riƙe da makamin da taron ƙoli na duniya ba shi da shi, kuma ba ta buƙatar jiran wata sabuwar doka kafin ta yi amfani da shi.

A matakin tarayya an yi motsi: an sanya hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi a watan Nuwamba na 2021, wadda ta kafa majalisar kula da sauyin yanayi ta ƙasa ƙarƙashin shugabancin shugaban ƙasa, a watan da Nijeriya ta yi alkawari a taron duniya kan sauyin yanayi na Glasgow cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa nan da 2060. Shekara guda bayan haka ambaliyar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu, kuma waɗanda abin ya shafa ba su ga amfanin dokar a ƙauyukansu ba.

Kwarin kogin Haɗejia a Jihar Jigawa ya fi ko'ina nuna inda gizo ke saƙa. Ruwan da ke ratsa Ringim da Taura da Miga da Auyo da Haɗejia har ya gangara Kiri Kasamma da Guri yana fitowa ne daga Jihar Kano, inda madatsun Tiga da Challawa ke ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗejia da Jama'are, wadda ta tarayya ce. Tun da aka kammala Tiga a 1974 da Challawa a 1992, kogin da a da yakan cika da damina ya ja baya da rani ya koma yana ɗauke da ruwa kusan duk shekara, sai ciyawar nan da ake kira kachala, mai tsayi da kaurin saiwa, ta samu wurin zama, ta cushe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, har ya zamana ruwan da ya kamata ya wuce sai ya fantsama cikin gonakin shinkafa da gidajen ƙasa. Idan aka ɗora mamakon ruwan sama na wannan zamani a kan kogin da bakinsa ya riga ya toshe, sakamakon shi ne ambaliyar da aka gani a 2020 da 2022. Babu ƙaramar hukumar da ke da iko da ƙofar madatsa, amma kowacce tana iya sanin ranar da za a saki ruwa ta isar da labarin ga dagatai da masu unguwanni, tana iya tallafa wa aikin gayya na yanke kachala da ɗaga jinga, wato tudun ƙasar da ake yi a gefen kogi don tare ruwa, wanda mutanen yankin suka daɗe suna yi da hannunsu da buhunan yashi. Abin baƙin ciki ne a ce talakawa su ne ke karo-karo don sayen buhuna alhali majalisar da aka zaɓa dominsu tana da kasafin kuɗi. Haka kuma ruwa bai san iyakar mulki ba, jingar da wata ƙaramar hukuma ta ɗaga ba tare da shawara ba tana iya tura ruwan kan maƙwabciyarta, don haka tsarin da zai yi aiki a wannan kwari dole ya zama na haɗin gwiwa tsakanin duk hukumomin da ke bakin kogin.

Tsari a nan yana nufin aikin da aka ɗaure da lokaci da kuɗi da sunan wanda zai yi shi. A farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen lokacin faɗuwar damina da ɗaukewarta da wuraren da za a samu tsaikon ruwa, sannan hukumar kula da ruwan koguna, NIHSA, tana fitar da nata hasashen ambaliya, inda take ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari da sunayensu. Tsakanin fitowar waɗannan takardu da ruwan watan Agusta akwai watanni da suka isa a yashe magudanai, a duba kwalbatoci, a tantance makarantar da ke kan tudu wadda za ta karɓi jama'a, a tanadi irin shuka mai saurin nuna ga manoma. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da aka saba gani shi ne kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma, wanda tsarin hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ya tanada a kowane yanki, ba ya zama sai ruwa ya riga ya ci gari, a lokacin kuwa aikinsa bai wuce rabon tabarmi da buhunan masara ba.

Hujjar da shugabannin ƙananan hukumomi suka daɗe suna kafawa ita ce rashin kuɗi a hannunsu, kuma hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Kasonsu na kashi 20.6 cikin 100 daga asusun tarayya ya kasance yana bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnatocin jihohi, inda gwamnoni ke da ta cewa, kuma a jihohi da dama kantomomin riƙo aka riƙa naɗawa maimakon zaɓaɓɓu. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomin riƙo. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, amma ya sauya wanda ya kamata a tuhuma, domin ƙananan hukumomi suna da nasu rabo a asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981, kuma haƙƙin kowane kansila ne, da kowace ƙungiyar ci gaban gari, su nemi a nuna musu abin da ya shigo da sunan muhalli da kuma magudanar da aka yashe da shi.

A arewacin Jigawa da Katsina da Yobe, inda kwararowar hamada ta fi ambaliya barazana, darasin yana tsallaken iyaka. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman yankunan Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar suka rungumi sassabin zamani, wato barin kututturan gawo da kalgo da sabara su toho a gona ana yi musu sassaƙa maimakon a tumɓuke su, har ƙasar da ta farfaɗo ta kai kimanin hekta miliyan 5. Aikin bai ci kuɗin rainon dashe ba. Abin da ya raya shi shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne, da kuma kwamitocin ƙauye da ke hana sara ba bisa ƙa'ida ba. Majalisar ƙaramar hukuma tana iya yin dokar cikin gida da za ta ba da irin wannan tabbaci, ta haɗa hakimai da ardoɗin Fulani da malaman gona wajen tsare ta, ta kuma shata burtalai a rubuce kafin damina ta faɗi.