Shamuwa, Gauraka da Baƙin Fadamar Rima
Laccar da aka gabatar gaban malamai da ɗalibai a birnin Sakkwato



Manomin ƙasar Sakkwato ba ya jiran gidan rediyo ya faɗa masa damina ta kusa. Da ya ɗaga kai ya ga shamuwa a kan kuka ko tsamiya tana jera ƙirare, sai ya shiga gyaran gona. Yara ba sa jifar ta, manya ba sa taɓa ƙwanta, ita kuma ta biya kuɗin masauki da cin fara da tsutsar da ke ɓarna a gona. Idan kaka ta yi, sai ta kama hanyar kudancin Afirka. Rayuwarta duka a kan lokacin ruwa take, kuma lokacin ne ya rikice.

Abin mamaki, a Ingila aka fara gane cewa farin ƙasarmu yana kashe tsuntsaye. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a can suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda bai kai gwara nauyi ba, ya ragu da fiye da kashi biyu bisa uku cikin shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka iske laifin a yankin Sahel yake, inda yake yin rani. Daminar 1968 ta gaza. Kafin tsuntsun ya ratsa Sahara a watan Maris ko Afrilu, dole ya tara kitse da ƙwari da 'ya'yan itacen asuwaki. A wannan shekara bai samu guzuri ba, hamada ta cinye shi. Farin da ya ƙarar da shanu a 1973 da 1984 haka ya yi wa baƙin da ke sauka a fadamunmu.

Yau ruwan sama ya ɗan farfaɗo, amma ya sauya hali. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Mutanen Sakkwato ba sa bukatar tuni: a watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye ƙauyukan Goronyo, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma madatsar Goronyon ce ta janye har ruwan ya koma kusan kashi goma cikin ɗari. Tsuntsun da ke yin sheƙa a ƙasa, kamar fakara, ambaliya tana tafiya da ƙwansa. Dinya da kirinjijiya da zalɓe kuwa, idan tafki ya ƙafe kafin lokaci, sai ƙaura. Dattawan Illela shaida ne kan ƙafewar tafkin Kalmalo.

Sai dai ba za a ɗora wa sama laifin duka ba. Madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo sun rage ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadama. Gatari ya kwantar da bagaruwa da gawo, tarko da kasuwa sun ƙarasa sauran tsuntsayen. Gauraka, tsuntsun da ake kira na ƙasa a Najeriya, yau ganinsa a daji ya zama labari. Yaro ya fi saninsa a gidan wani attajiri, an yanke masa fiffike.

Saboda haka roƙo uku ne. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa sakin ruwa da lissafin fadama, ba noman rani da famfo kaɗai ba. Hakimai da masu unguwanni su hana sare itacen da shamuwa ke kwana. Ɗaliban jami'a kuma su ɗauki littafi da biro su je tafkin Kware, su rubuta tsuntsun da suka gani, da adadinsa, da ranar da shamuwar farko ta sauka bana. Mutanen Ingila sun gane asararsu ne domin suna ƙidaya tun 1962.

Allah ya ba mu damina mai albarka.