Ciwon Ɓarin Kai Mai Zuwa Da Al'ada: Jawabin 'Yan Ajin Yaƙi Da Jahilci

Shugabar ƙungiya, iyayenmu, yayye da ƙanne, da mazajenmu da za a karanta wa wannan a gida, barkanmu da zagayowar shekara. Allah Ya maimaita mana.

Ma'aji ta karanta mana abin da ya shigo da abin da ya fita. Mu kuma 'yan ajin yaƙi da jahilci za mu yi magana a kan wata asara da ba ta shiga littafin ma'aji, wato ranakun sana'a da ciwon ɓarin kai ke cinye mana duk wata. Mace ta soya gyaɗa, ta matse mai, ta shirya ƙuli za a kai kasuwa Bichi ko Dambatta, sai gari ya waye tana kwance ta ɗaure kai da kallabi. Kasuwa ta ci babu ita, ga zubin adashi yana jira.

Duk mun san shi. Ɓari guda yake kamawa, yana bugawa kamar ana daka a cikin kai. Ga tashin zuciya, wani lokaci har da amai. Haske ba daɗi, kukan yaro ba daɗi, ƙamshin turare ma sai ya zama abokin gaba. Yakan ɗauki awa 4, yakan kuma kai kwana 3. Likitoci sun ce mata sun fi maza fama da shi wajen ninki uku, kuma a wajen da yawa daga cikinmu yana da lokacinsa: daga kwana 2 kafin jini ya zo zuwa kwana na 3 da zuwansa. Dalili kuwa, akwai wani sinadari a jikin mace mai suna istirojin. Idan al'ada ta matso sai ya yi ƙasa farat ɗaya, wannan saukar ce ke tayar da ciwon. Shi ya sa na lokacin al'ada ya fi tsanani, ya fi daɗewa, ya lafa yau ya dawo gobe. Shi ya sa kuma mata da yawa ke samun sauƙinsa idan ciki ya yi ƙwari, da kuma bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya.

To kun ga ba raki ba ne, ba kuma hannun kishiya ba ne. Iyayenmu surukai, a yi mana afuwa, amma yarinyar da ta rufe ɗaki ta kwanta ba gudun tuƙin tuwo take yi ba. Addu'a ba ma barinta, sai dai ciwon da ke zuwa daidai da wata kamar mai karɓar bashi, ai a jiki sababinsa yake.

Ga inda karatunmu ya yi rana. A samu kalanda, ko bayan littafin yaro. Ranar da jini ya zo a sa ɗigo da jan biro. Ranar da kai ya yi ciwo a ja layi da baƙi, a gefe a rubuta ƙwaya nawa aka sha. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna, ɗigo da layi ai ba sa buƙatar boko. A yi haka wata 3. Idan a wata 2 cikin ukun layin ya faɗo kusa da jan ɗigo, to shi ne. Wannan ƙa'idar likitoci ke bi a ko'ina. Mace ta je asibiti ta ce “kaina ke ciwo”, farasitamol za a miƙo mata ta dawo gida. Amma ta ajiye takardar wata 3 a gaban malamar asibiti, magana ta canza.

Wadda ta san ranarta sai ta yi shiri. A kwanakin nan kada a fita da cikin wofi, ko koko ne a sha, domin yunwa na cikin manyan masu tayar da shi, kuma mu 'yan kasuwa mun iya zama har la'asar muna cewa bari ciniki ya lafa. Ruwa a riƙa kurɓa, balle a bazara. Barci a kan lokaci. Suyar gyaɗa da aikin hayaƙi, in da hali a yi su tun kafin kwanakin. Mai cin goro ko shan shayi kullum kada ta yanke rana ɗaya, yankewar ma na kawo ciwon kai.

Maganar magani kuma, nan za mu ɗan daɗe. Idan ciwon ya fara, a sha da wuri, kada a bari sai ya kai ga amai. Sannan a nemi ɗaki mai duhu, a ɗora tsumma mai sanyi a goshi. Ibufurofen ya fi farasitamol aiki ga mata da yawa, kuma yana rage ciwon mara, amma sai an ci abinci. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu, su kada su sha sai da izinin likita. Wadda al'adarta ke zuwa a kan lokaci, likita na iya rubuta mata magani irin su nafurozen, ta fara kwana 1 ko 2 kafin ranar ciwon ta ci gaba 'yan kwanaki. Likita ne zai tsara, ba maƙwabciya ba.

Abin da yawancinmu ba mu taɓa ji ba shi ne, maganin ciwon kai kansa yana haifar da ciwon kai. Wadda ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, wata bayan wata, kan nata zai koma ciwo kusan kullum. Masu haɗin kafeyin, da tiramol da kodin, kwana 10 ma ya isa. Mun ga yadda kodin ya yi da matan aure da 'yan mata a jihar nan har gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Don haka ƙullin ƙwayoyi kala-kala da ake ƙulla mana a leda ba suna, don Allah mu tambayi sunan kowace ɗaya. Mai sayarwa ya kasa faɗa, a bar masa kayansa.

'Yan'uwa masu tazarar haihuwa, ku saurara da kyau. Akwai wadda kafin ciwon ya zo take ganin walƙiya ko zane-zane a idonta, ko gefen gani ya dushe, ko hannu ya yi mata ɗiris na 'yan mintoci. Mai irin wannan, ƙwayar tazara mai istirojin ba tata ba ce, domin tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta faɗa. A gaya wa malamar asibiti, akwai allura, akwai na dantse, akwai wasu hanyoyin. Wadda kuma jini ke zubar mata da yawa, kai ya riƙa ciwo a ƙarshen al'ada tare da jiri, ta je a auna jininta. Wake, zogale da hanta suna taimakawa, amma wani lokaci sai da maganin ƙarin jini.

Akwai ciwon kan da ba a jiran kalanda a kansa. Wanda ya sauko lokaci guda da tsananin da ba a taɓa ji ba. Wanda ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, mun san sanƙarau a lokacin zafi. Wanda ya zo da karkacewar baki, harɗewar harshe ko mutuwar hannu. Da na mai ciki ko mai jego da ke tare da kumburi da dishi-dishin gani, wannan alamar hawan jini ce da ke kai wa ga jijjiga. Duk waɗannan, ko tsakar dare ne a nemi abin hawa. Maigida, a nan ba a jiran gari ya waye.

'Ya'yanmu mata da suka fara al'ada su ma a koya musu sa ɗigon nan, kada mu zaci makaranta suke gudu.

Shugaba, buƙatunmu biyu ne muke roƙo a kai gaban kwamiti. Na farko, a haɗa mu biyu-biyu, wadda ranarta ta zo 'yar'uwarta ta tafi mata da kaya kasuwa ta kawo mata ciniki. Na biyu, wadda ciwo ya kwantar ranar zubi a ɗaga mata kwana 2 ba tare da tara ba. Masu son koyon cika kalandar kuma su zo aji da biro ja da baƙi.