Takarda ta karatu ce, ba ta ƙunshin abinci ba

Jawabi ga masu koyon karatu na cibiyoyin yaƙi da jahilci, a Keita

 

Yau zancenmu kan takarda ne. Ranar kasuwa, a Keita ko Buza ko Madawa, in ka sayi ƙosai ko fanke ko tsire, cikin me ake ƙunsa maka? Cikin tsohuwar jarida, ko littafin ƴan lakkol, ko takardar buhun siminti. Ka isa gida ka buɗe, sai ka ga baƙaƙe sun fito a jikin ƙosai. Wannan baƙin, cikinmu yake shiga.

Wani zai ce: "Ai muna shan rubutu, ba ya yi mana kome." Gaskiya ne. Amma tawadar allo, da gawayi da ƙaro ake yin ta. Tawadar inji daban take. Da mai da sinadarai ake haɗa ta. Wata, musamman mai launi, tana ɗauke da ƙarfe mai guba, kamar darma. Abinci mai zafi da maiƙo shi ya fi jawo ta. Ko kwali da anka sake yi da tsofaffin takardu, sauran tawada na cikinsa. Buhun siminti kuma ba ya rabuwa da ƙurar siminti.

Me darma ke yi? Tana taruwa cikin ƙashi da haƙora, ta daɗe shekaru. Tana rage jini. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ya kasa riƙe karatu. Mace mai ciki tana ba da ita ga ɗan da ke cikinta. Hukumar lafiya ta duniya ta ce jikin ƙaramin yaro ya fi na babba shan darma sau 4 zuwa 5.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarfinta. A 2010, yara fiye da 400 sun mutu, don ana daka dutsen zinariya mai darma cikin gidaje. Darmar takarda ba ta kai wannan yawa ba, ba ta kisa nan take. Amma da yayyafi kogi kan cika. Shi ya sa ƙasar Indiya ta yi gargaɗi a 2016, daga baya ta hana ƙunsa abinci cikin jarida.

To, me za mu yi?

Uwar gida, in za ki aiki yaro sayen ƙosai, ki ba shi kwano mai murfi.

Mai tuya, na san takarda ta fi arha. Amma ki tsane mai cikin gwagwa ko tasa mai tsabta, ki roƙi masu saye su zo da kwanonsu.

Mai tsire, bari yayyanka nama bisa takardar siminti. Faranti ya fi. Buhun taki ko na maganin ƙwari kuwa, kada ya kusanci abinci ko kaɗan.

Kada yaro ya tauna takarda. A wanke hannu kafin a ci.

Wannan jarida ma da ke hannunku, in kun karanta, ku karanta wa maƙwabci, sa'an nan ku adana ta cikin akwati. Kada gobe in gan ta wajen mai ƙosai!

Allah ya ba mu lafiya, mu da ɗiyanmu.