Rumbun Tsimin Wutar Lantarki: Jawabi ga Jama'ar Deule



Manomin Adar ya san amfanin rumbun tsimi. Wutar lantarki kuwa ba ta zama a rumbu kamar hatsi: abin da aka samar yanzu, yanzu ake shan sa. Saboda haka tsiminta shi ne injunan da ke tsaye a shirye, waɗanda za a tayar da zarar wani ya mutu ko buƙata ta hau. In wannan rara ta ƙare, layi ɗaya ya katse, gari da gari sai duhu.

A ƙasashen sanyi, hunturu ne ke tona asirin rarar. A watan Fabrairun 2021 sanyi ya daskarar da rijiyoyin gas da tashoshin wuta na jahar Tekzas ta Amurka, gidaje fiye da miliyan 4 suka rasa wuta, mutane fiye da 200 suka rasu. Faransa ma, mai taƙama da nukiliya, a 2022 tsagewar bututu ta sa ta tsayar da tashoshi da dama, har wutar da ta sayo daga maƙwabta ta fi wadda ta sayar, abin da ba a gani ba shekaru sama da 40.

A Nijar lamarin a juye yake. Lokacin ɗari ba a kunna fanka, buƙata takan sauka, kamfanin NIGELEC ya ɗan numfasa. Jarrabawar tana zuwa da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ya kai maƙura, ruwan madatsar Kainji kuma ya ja baya. Ke nan hunturu shi ne lokacin gyaran injuna da tanadin mai. Wanda ya ga wuta ba ta ɗaukewa a Janairu ya ce matsala ta ƙare, to ya yi gaggawar hukunci. Hazo ma yana da nasa haraji, domin ƙurar da ke kwanciya bisa faifan hasken rana, irin na tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, tana rage abin da suke bayarwa in ba a wanke su ba.

Babbar magana ita ce inda wutar take fitowa. Yamai na jingine da layin Birnin Kebbi tun 1976. Maradi da Damagaram da jahar Tawa kuwa an ɗaura su ga layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Madawa da Buza da Kaita suna can nesa da tushen wannan igiya, kuma duk abin da ya samu tushe, na nesa ba ya tsira. An gani a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa. Sai a Maris na 2024 aka maido ta. Masu walda, masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara sun san abin da watannin nan suka ci musu.

Alkawari dai an sha shi. An aza harsashin madatsar Kandaji mai megawat 130 a 2008, aka sake ƙaddamar da aikin a 2019. Gawayin Salkadamna, a nan cikin jahar Tawa, an yi bikin aza dutsensa a 2014. Ranar da aka yanke layin Nijeriya, babu ɗaya daga cikinsu da ya kunna ko da ƙwan fitila guda. Gwamnatocin farar hula da na soja duk suna da kaso a wannan jinkiri.

Mai noman albasa a fadamar Tarka, wanda ke ban ruwa da injin fetur a tsakiyar ɗari, yana da hakkin ya tambayi mahukunta: megawat nawa ne ke ajiye domin jahar Tawa, a wace tasha suke, kuma wa zai tayar da su in layin Katsina ya sake mutuwa a watan Afrilu?