Kafin Ka Biya Mai Gina Maka Shafin Intanet

Ɗan kasuwa zai ba matashi aikin gina shafin intanet da baki kawai, wai ai ɗan gida ne. Sai an shekara, lokacin sabunta rajistar adireshin shafin, ya gano da sunan yaron aka yi ta, kalmar sirri ma tana hannunsa. In suka ɓata, shafi ya tafi da kwastomominsa.

Saboda haka, a rubuta yarjejeniya. Adireshin shafin, na .com ne ko na .ng da ƙungiyar NiRA ke kula da shi, ya zama mallakar kamfaninka. Kuɗi a biya kashi-kashi, cikon sai an miƙa kalmar sirri. Wa zai biya gyara daga baya? Shi ma a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu.