Gidan Ɗab'i da Ƙasar da Ke Bayan Daji: Daga Gotha Zuwa Zariya da Birnin Gwari



Duk ɗalibin da ya karanta Hausa a makaranta ya san sunan Abubakar Imam, kuma da wuya a sami tsohon ma'aikaci a Arewa wanda bai taɓa riƙe Magana Jari Ce a hannunsa ba. Amma in aka tambayi mutum wa ya buga littafin, da kuɗin wa aka sayi takarda, wa ya ɗora shi a mota ya kai shi ƙauye, sai a ga ya yi shiru. Mawallafi ake tunawa. Gidan ɗab'i kuwa sunansa yana can ƙasan bango da ƙananan baƙaƙe, ba mai dubansa sai ran da littafi ya ɓace daga kasuwa. A kan wannan ƙaramin suna laccar nan take, da kuma rabon da ƙasa irin ta Birnin Gwari ta samu a hannunsa.

Ya kamata a fara da Jamus, gama can ne aka fara buga labarin ƙasar Hausa da tsawo da zurfi. A shekarar 1785 wani mutum mai suna Justus Perthes ya kafa gidan ɗab'i a Gotha, wani ƙaramin gari na ƙasar Turingiya. Jarinsa na farko wani ɗan littafi ne da ake fitarwa shekara shekara, mai ɗauke da sunayen sarakunan Turai da asalin gidajensu. Kowace fada sai ta saya, don ba basaraken da ke son a ce babu sunansa a ciki. Da ribar wannan gidan ya shiga aikin taswira, wanda ke cin kuɗi kuma ba ya saurin mayarwa: daga 1817 ya soma fitar da kundin taswirorin Stieler, a 1855 kuma August Petermann ya kafa masa mujallar labarin ƙasa wadda matafiya ke aiko wa rahoto daga ko'ina.

Ta wannan ƙofa ƙasar Hausa ta shiga. Heinrich Barth, wanda mutanen nan suka sani da Abdulkarim, ya iso Katsina da Kano a farkon 1851, ya je Sakkwato da Gwandu a 1853. Da ya koma gida, gidan Perthes ne ya buga labarin tafiyarsa da Jamusanci, juzu'i biyar, a 1857 da 1858, sa'an nan tsakanin 1862 da 1866 ya buga masa tarin kalmomin harsunan da ya tattara, har da Hausa da Barbarci da Fillanci. Littafin kalmomi irin wannan ba ya kawo riba. Littafin sarakuna da taswirar makaranta su suka ɗauki nauyinsa, kuma wannan ita ce dabarar kowane gidan ɗab'i mai tsawon rai: a sami littafin da ba ya kwantai, ya riƙa ciyar da wanda ba ya tafiya amma ana bukatarsa.

Barth bai bi ta Birnin Gwari ba. Wanda ya ratsa ta shi ne Clapperton na Birtaniya, a 1826, a kan hanyarsa daga ƙasar Nufe zuwa Zariya da Kano, aka buga littafinsa a Landan a 1829. Har nahawun Gwaranci da Frank Edgar ya shirya, a Belfast aka buga shi a 1909, can kuma aka buga tatsuniyoyin Hausa da ya tattara, juzu'i uku, daga 1911 zuwa 1913. Ke nan kusan shekara ɗari ana buga labarin wannan ƙasa da harsunanta a garuruwan da mutanenta ba su taɓa jin sunansu ba, domin masu karatun da ba su taɓa taka ta ba. Malaman gida suna da alƙalami da tawada da takarda, suna kwafar littattafai da hannu cikin Larabci da ajami, amma kwafi guda yakan ci makonni.

A shekarar 1929 gwamnatin Arewa ta kafa Hukumar Fassara, ba da jimawa ba aka zaunar da ita a Zariya a ƙarƙashin Rupert East. Aikinta na farko samar wa makarantun elementare abin karatu, irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A 1933 aka sake mata suna ta zama Hukumar Talifi, aka kuma sa gasar ƙaga labari. East ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su rubuta abin da bai faru ba, abin da da yawansu suke gani bai dace da mai ilmi ba. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East.

A nan ne ya kamata mutumin Birnin Gwari ya kasa kunne. Biyu daga cikin biyar ɗin nan wa da ƙane suka rubuta su, kuma mutanen Kagara ne. A Kagara aka haifi Abubakar Imam a 1911, Bello Kagara kuwa wansa ne. Wanda ya tashi daga Kaduna ya yi kimanin kilomita 120 ya iso Birnin Gwari, in ya miƙa ta Pandogari, Kagara zai faɗa kafin Tegina da Kwantagora. Iyakar jiha ce ta raba su a takarda, amma daji ɗaya ne, da Kamukawa da Gwarawa da Hausawa da Fulani a cikinsa. Ba banza ba ne jarumin Ganɗoki ya fito daga Kwantagora yana yaƙi da Turawa, ba banza ba ne kuma Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya zama mutumin Kwantagora. Ana yawan faɗin cewa ƙagaggen labarin Hausa ɗan Katsina ne, saboda Kwalejin Katsina ce ta horar da marubutansa, ko ɗan Zariya, saboda can aka shirya shi. Duka gaskiya ne. Amma cibiyar biyu daga cikin 'ya'yansa na fari a gefen wannan daji aka binne ta.

A 1936 aka ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, East ya tara masa littattafan tatsuniyoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, har da na 'yan'uwan nan Jamusawa, su Grimm. Imam ya narkar da su, ya zuba su a tukunyar Hausa, ya fito da Magana Jari Ce, juzu'i uku, daga 1937. Wannan littafi shi ya zame wa Zariya abin da littafin sarakuna ya zame wa Gotha. A cikin waɗannan shekaru ne kuma baƙaƙen nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a rubutun boko, bisa tsarin da wani Bajamushe masanin harsuna, Diedrich Westermann, ya taimaka wajen shiryawa. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Imam ne editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aka gina masa maɗaba'a a Tukur-Tukur, sai ya zama a karo na farko ana rubuta littafi, a gyara shi, a buga shi, a ɗinke shi, duk a Zariya.

Zamanin da ƙauye ya fi ganin amfanin wannan gida shi ne zamanin Yaƙi da Jahilci. A 1953 aka kafa hukumar NORLA don ta samar wa manya da suka koyi karatu abin da za su ci gaba da karantawa, gama an lura wanda ya gama aji bai sami takarda ba, kafin damina biyu ya manta baƙi. Ta buga ƙananan littattafai masu araha na tsabta da noma da addini, da boko da ajami, ta buga waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da na Sa'adu Zungur, ta kuma fitar da jaridun larduna: Bazazzaga ta Zariya, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Zumunta ta Bauci, Albishir ta Barno, Arɗo ta Adamawa. Birnin Gwari a lokacin tana cikin Lardin Zariya, amma ba ta ƙarƙashin Sarkin Zazzau, tana da En'e ta kanta. Sunan jaridar lardin kaɗai ya isa ya nuna inda muryar take fitowa. Ƙasar da ba Bazazzagiya ba, Bazazzaga ce jaridarta.

NORLA ba ta yi tsawon rai ba. A 1959 aka rufe ta. Buga littafi abu ne mai sauƙi in akwai inji. Kai shi hannun mai saye da dawo da kuɗinsa shi ne aiki. Littafin sisi ko sule, in za a kai shi garin da ke bayan daji, kuɗin mota ya fi ribar, mai sayarwa kuma malamin makaranta ne ko ma'aikacin En'e wanda ba sana'arsa ba ce. Kuɗin gwamnati ne ke toshe ramin, ran da gwamnati ta gaji sai aikin ya tsaya.

A 1966 Kamfanin Gaskiya ya haɗa gwiwa da Macmillan na Ingila aka kafa kamfanin ɗab'i na Arewacin Nijeriya, wato NNPC (ba na man fetur ba, wannan ya girme shi da shekara goma sha ɗaya). Ya gaji tsofaffin littattafan Hukumar Talifi da na NORLA, ya riƙa sake buga su, kuma da aka soma shirin ilmin firamare kyauta a 1976 sai kasuwa ta buɗe masa, ma'aikatun ilmi suna saye da yawa. Ya sa gasa wadda ta haifar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, aka buga su a 1980. A 1988 ya fitar da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, littafin da har yanzu ɗalibi ba ya rubuta tarihin adabin Hausa bai leƙa shi ba.

Sai dai jarin da ke rataye a wuyan ma'aikatar ilmi jari ne mai hatsari. Kuɗin mai ya ragu, a 1986 aka karya darajar naira, takarda da tawada da kayan inji duk daga waje suke zuwa, masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin kuma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Gwamnatoci suka rage saye. Kamfanin ya koma ga abin da manhaja ta wajabta, sabon marubuci ya rasa ƙofa. Samari da matan Kano ba su jira ba, suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u suna biya da kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a 1991. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ingancin waɗannan littattafai, amma sun yi abin da ya gagari NORLA: 'yan tireda da 'yan koli sun kai su kasuwannin ƙauye ba da kwabon gwamnati ba. Abin da ba su iya ɗauka ba shi ne littafin tarihi, da ƙamus, da nahawu, wato littafin da zai yi shekara ashirin kafin ya mayar da kuɗinsa.

Gidan Perthes ma ya sha tasa wahalar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Gotha ta faɗa cikin Jamus ta Gabas, a 1953 gwamnati ta ƙwace kamfanin, iyalin suka koma Darmstadt suka sake kafawa. A 1992, bayan haɗewar ƙasar, aka sayar da shi ga kamfanin Klett. Amma takardunsa ba su watse ba. A 2003 jihar Turingiya ta sayi tarin, yana nan a Gotha a hannun Jami'ar Erfurt, da taswirori kimanin 185,000, da wasiƙun matafiya. Ɗalibin da ke son ganin yadda aka fara zana hanyar Katsina zuwa Kano a kan takarda, can zai nufa.

Ƙasar Birnin Gwari kuwa, dajin da aka keɓe a 1936, aka ɗaga shi ya zama Gandun Ƙasa na Kamuku a 1999, shi ne ya zama mafakar 'yan bindiga, har hanyar Kaduna ta zama ba a bin ta sai da rakiyar sojoji. A ranar 17 ga Fabrairun 2021 aka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, garin Imam, aka kashe ɗalibi guda, aka tafi da mutum 42. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe yara daga makarantar Kuriga, a kan wannan hanya. Makarantun ƙauyuka da dama sun rufe, kuma inda aka rufe makaranta ba mai sayen Magana Jari Ce, balle ya rubuta wani. A ƙarshen 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga rahoton jarida. Garin da aka tashe shi, tsofaffinsa sukan watsu a Kaduna da Funtuwa da Minna, da jerin sunayen sarakuna a kansu, da kirarin maharba, da waƙoƙin Kamukawa, da labarin haƙar zinariya ta zamanin Turawa. Rahotannin da su Di'o suka rubuta a kan wannan ƙasa suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Turanci, Gidan Arewa kuma, wanda aka kafa a 1970, yana kusa da shi. Ɗaliban jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Kaduna suna rubuta kundaye a kan garuruwansu kowace shekara, a ɗinke kwafi huɗu ko biyar, a jera a kabad ɗin sashe. Kundi ɗaya daga cikinsu, in aka mayar da shi Hausa, aka rage shi, girmansa ba zai wuce na Ganɗoki ba.