Kafin a Sayar da Shanu a Sayi Mota: Jawabi a Taron Wakilan Rugage



An ce mu yi magana kan sayen mota ta hannu, don rugage da yawa suna haɗa kuɗi, suna son kat-kat ta ɗaukar dusa da angurya da ruwa, da kai mara lafiya likita. Mu ba makanikai ba ne. Abin da muka sani, da shanunmu muka biya shi.

Motar da muka fara saye, mun duba fenti, mun saurari inji, dillali ya yi ta rantsuwa, muka biya. Ba ta yi wata biyu ba aka tsaida ta a shinge. Jandarma ya durƙusa ya goge ƙura, sai ga lambar shasi daban, ta kart giriz daban. Nan motar ta tsaya. Wanda ya sayar muna, har yau ba mu sake ganin shi ba.

Don haka takarda ce farko, ba inji ba. Kowace mota tana da lambarta, kamar yadda saniya take da shaidar mai ita. Galibi baƙaƙe da lambobi 17 ne, an buga su a jikin ƙarfen shasi, kuma akwai su a wani ɗan faranti da aka liƙa ma motar. Ku tafi da wanda ya iya karatu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kart giriz a hannu. In wurin ya nuna an goge, ko an yi walda, ko an shafa sabon fenti a nan kaɗai, ku tashi. Kun san hukuncin wanda aka kama da saniyar sata: ko da ya saya a kasuwa, karɓe ta za a yi. Sa'annan a nuna muku takardar duwan. Wadda ta zo ta Kwatano ko Lome, da wadda ta gangaro daga Libiya ta Agadas, duk ɗaya ne: in ba a biya duwan ba, bashin yana bin motar, wato yana bin ku.

In takardu sun yi, ku sa a kawo ta da safe, injin da sanyinshi. Mai wayo yana ɗumama mota kafin ku zo, don inji mai zafi yana ɓoye ciwo. Ku taɓa da hannu. In ta tashi, ku koma baya ku dubi hayaƙi. Shuɗi, tana cin baƙin mai. Fari mai yawa da ba ya ɗaukewa, ruwa yana shiga inji. Baƙi ƙirin, galibi matsalar gazuwal ce ko ta iska, wannan da sauƙi. Ku buɗe murfin baƙin mai: in kun ga ya koma kamar an zuba madara, ruwa da mai sun gauraya, gyara ne babba.

Kilomita da ke rubuce, kada ku yarda da ita, ana maida ta baya. Saniya haƙora ake duba mata. Mota kuwa sitiyari da kujerar direba da robar birki su ke faɗin shekarunta.

Sai ku shiga ƙarƙashi, ko da riga za ta yi datti. Motocin Turai, gishirin da ake watsa ma hanya lokacin ƙanƙara yana cinye musu ƙarfe. Waɗanda suka yi aikin daji kuwa, lodi yana tsaga musu shasi. Ku ƙwanƙwasa da ƙarfe, ku nemi walda. Inji ana canza shi, amma karyayyen shasi ba zai ɗauki duro shida na ruwa daga rijiya zuwa ruga ba. Taya ma tana da shekara: lambobi 4 na ƙarshe a gefenta, biyu sati, biyu shekara. In kun ga 1219, an yi ta a sati na 12 na 2019.

Gwaji kuma ba bisa kwalta ba. Ku kai ta cikin rairayi, a sa giyar kat-kat, ku gani ko ƙafa huɗun duk suna ja, kuna lura da allurar zafi. A namu gani, tsohuwar Land Cruiser mai inji 1HZ, ko Hilux ta gazuwal, ta fi sabuwa mai yawan lantarki, don makaniken Dakwaro ko Abalak zai iya gyara ta, kayanta kuma akwai su a Maraɗi da Tawa. Makaniken ya zama naku, wanda kuka biya da kanku, ba na dillali ba.

Ranar biya, mai sunan da ke cikin kart giriz ya zo da katin shaidarshi, ko a kawo takardar wakilci. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a buga mata hatimin hukuma. Kada kuɗin su ƙare a ciniki: a rage na canjin suna, da asurans, da bizit, da juyen mai na farko.